Mako Biyu Kafin Super Bowl: Inda Masu Hasashe Ke Yin Tuntuɓe

 

Yau za mu ƙetara teku zuwa Amurka. Duk shekara, daga ƙarshen watan Janairu har zuwa Lahadi ta biyu a Fabrairu, ƙasar nan takan shiga wani irin ɗoki da ba ta shiga irinsa a sauran watanni. Jiran wasa ɗaya ake yi, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafar Amurka, wanda suke kira Super Bowl. Da zarar an san ƙungiyoyi biyun da za su kara, sai a ba su mako biyu cur su huta su shirya. A cikin makonnin nan biyu kowa ya zama masani. Mai aski yana da nasa hasashen, direban tasi yana da nasa, tsofaffin 'yan wasa sun cika gidajen talabijin suna zane-zane a allo. Wasan da aka yi a 2025, mutum fiye da miliyan 127 ne suka kalle shi a Amurka kaɗai, kuma tallar daƙiƙa 30 a tsakiyarsa ta kai wajen dala miliyan 8. To, abin da ya tara jama'a haka, dole maganar wa zai ci ta cika gari.

Ni dai na daɗe ina bibiyar wannan hasashe, kuma akwai abu guda da ke damuna game da shi. Mafi yawan masu yinsa mutum ɗaya suke kallo a fili, alhali sau da yawa a wani wuri daban ake yanke hukuncin wasan. A kan wannan za mu tattauna yau.

Amma tukuna, bari mu ɗan share fage domin wanda bai taɓa kallon wasan ba. Sunansa ƙwallon ƙafa, amma yawanci da hannu ake yinsa. Ƙwallon doguwa ce mai tsini a kai biyu. Fili yadi 100 ne, kowane ɓangare mutum 11. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama 4 ya ci gaba da yadi 10, ko da gudu da ita ko da jifa. In ya cika, a sake ba shi wasu 4. In ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta gidan ƙarshe na abokan hamayya ya samu maki 6, da damar ƙara 1 ko 2. Wanda ya buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin sanduna ya samu 3. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, wadda ake kira NFL, an raba su gida biyu, kuma zakaran kowane gida ne ke zuwa wasan ƙarshe. An fara wannan karawa ranar 15 ga Janairun 1967 a Los Angeles, inda Green Bay Packers ta doke Kansas City Chiefs da ci 35 da 10. Kofin da ake ɗagawa har yau sunan kocin da ya ci wancan wasa yake ɗauke da shi, wato Vince Lombardi.

Sai ku riƙe mutane iri uku a ranku. Na farko shi ne mai jifa, madugun masu kai hari, wanda kusan kowane yunƙuri ta hannunsa yake bi. Shi ne tauraro, shi ake gani a jikin talla, shi ya fi kowa albashi. Na biyu su ne ƙarti 5 da ke tsaye a gabansa suna tare masa, kowannensu ya kai kilo 140 ko kusa da haka. Na uku su ne masu farautarsa, galibi mutum 4, waɗanda aikinsu su keta wannan katanga su kayar da shi kafin ƙwallo ta bar hannunsa. Abin da ke gudana tsakanin na biyun da na ukun kokawa ce tsantsa, irin ta dandali, ƙirji da ƙirji, sai dai ita a daƙiƙa 2 zuwa 3 ake gama ta, a tashi a sake wata, har sau sittin ko saba'in a dare guda. In katanga ta riƙe daƙiƙa 3, mai jifa ya ga wanda zai jefa wa. In ta rushe a daƙiƙa 2, komai ƙwarewarsa ya shiga uku.

To mu je 2008, domin a nan ne na fi son mu daɗe.

Ƙungiyar New England Patriots ta shiga wasan ƙarshe na wannan shekara ba a taɓa doke ta ba. Ta ci wasanni 16 na kakar wasa, ta ƙara 2 a zagayen sili-ɗaya-ƙwale, 18 ke nan a jere. Mai jifarsu Tom Brady ya yi jifa 50 da suka kai gidan ƙarshe, abin da ba a taɓa yi ba kafin lokacin, kuma 23 daga ire-iren waɗannan maki Randy Moss ne ya cafe su. Sun tara maki 589 a kaka ɗaya. Ƙungiya ɗaya tak ce ta taɓa gama shekara ba tare da faɗuwa ba har ta ɗauki kofi, Miami Dolphins ta 1972, kuma jaridu sun riga sun fara muhawarar ko Patriots ce ƙungiya mafi ƙarfi da aka taɓa gani. Ita kuwa New York Giants da ƙyar ta shigo. Wasa 10 ta ci, aka doke ta a 6. Sai da ta bi gidajen mutane uku, Tampa da Dallas da Green Bay, ta ci su a filayensu, na ƙarshen ma cikin matsanancin sanyi da ƙarin lokaci. Masu lissafin caca a Las Vegas suka ce Patriots za ta ci da tazarar maki 12.

Cikin makon jira, wani ɗan wasan Giants mai suna Plaxico Burress ya ce su za su ci, 23 da 17. Da 'yan jarida suka kai wa Brady maganar, dariya ya yi, yana mamakin a ce maki 17 kawai za su samu. Kuma in za a yi adalci, kowa ma zai yi wannan mamaki, domin makonni biyar kafin nan ƙungiyoyin biyu sun haɗu, Patriots ta zuba maki 38, Giants 35.

Amma rana ba ta ƙarya. Ranar 3 ga Fabrairun 2008, a Glendale ta jihar Arizona, abin da ya faru tun daga tashin farko shi ne katangar Brady ta kasa riƙe masu farauta. Michael Strahan ta wannan gefe, Osi Umenyiora ta wancan, Justin Tuck yana ɓullowa ta tsakiya. Sau 5 aka kayar da Brady da ƙwallo a hannunsa, ban da bugun da ya riƙa sha bayan ya jefa. Mutumin da ya saba tsayawa ya zaɓi wanda zai jefa wa cikin natsuwa, sai ga shi yana jifa cikin gaggawa. Moss yana can nesa ya tsere wa masu tsaronsa, amma ina lokacin da za a jira ya isa? Aka shiga kashi na huɗu na wasan, wato na ƙarshe, Patriots tana da maki 7 kacal.

Abin da duniya ta riƙe daga wannan dare shi ne mintunan ƙarshe. Patriots ta karɓi gaba, 14 da 10, saura ƙasa da minti 3. Mai jifar Giants, Eli Manning, an riƙe rigarsa ana ƙoƙarin kai shi ƙasa, ya fizge, ya wurga ƙwallo sama. David Tyree, wanda sau 4 kawai ya cafi ƙwallo a duk kakar wasa, ya yi tsalle ya danne ta da hannu ɗaya a jikin hular kwanonsa, ya faɗi ba ta taɓa ƙasa ba. Daga nan, saura daƙiƙa 35, Manning ya jefa wa Burress ɗin nan da aka yi wa dariya, ya cafe a gidan ƙarshe. Aka tashi 17 da 14. Ko maki 17 ɗin da Brady ya raina bai samu ba.

Mutane suna cewa sa'a ce, kuma lallai cafar Tyree ba abin da wani zai iya hasashensa ba ne. Shi kansa bai sake cafar wata ƙwallo a gasar ba bayan wannan. Amma ku tambayi kanku: me ya sa cafa ɗaya ta isa ta yanke wasa da ƙungiyar da ta saba zuba maki sama da 30? Domin ƙartin gaba sun riga sun yi aikin awa uku, sun matse wasan har ya zama abin da jifa ɗaya zai iya juyawa. Wannan kuwa abu ne da mai lura zai iya hangowa tun kafin a fara, tunda Giants ce ta fi kowace ƙungiya kayar da masu jifa a waccan kakar. Bayanin yana nan a fili. Hasken Brady ne ya kashe wa mutane ido.

Ga wani abu da ya shafe mu a nan. Osi Umenyiora a Landan aka haife shi, iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Najeriya kafin ya koma jihar Alabama. Bayan ya yi ritaya ya dawo yana zaƙulo matasa masu jiki da ƙarfi daga nahiyar nan, kuma yana cikin jagororin sansanin horo na farko da NFL ta yi a Afirka, a Ghana, cikin 2022. Yawancin waɗanda ake nema ɗin ma, a wannan layi na gaba ake sa ran su tsaya.

Da a ce sau ɗaya irin abin da ya samu Patriots ya faru, da sai mu ce tsautsayi ne. A 2014 Denver Broncos ta zo da Peyton Manning, yayan Eli, wanda ya karya tarihin Brady da jifa 55, ƙungiyarsa kuma ta tara maki 606. Seattle Seahawks ta lallasa su 43 da 8. Bayan shekara biyu reshe ya juya da mujiya: Carolina Panthers ce ta zo da gwarzon shekara, Cam Newton, wasa ɗaya kawai aka doke su a kakar, ita kuma Denver ta zo da masu farauta. Aka kayar da Newton sau 6, Denver ta ci 24 da 10, kuma kyautar gwarzon wasa ta tafi ga Von Miller, mai farauta.

Na 2021 ya fi ba ni takaici, saboda an sanar da kowa tun da wuri. Dokar gasar ta tilasta wa ƙungiyoyi su wallafa sunayen masu rauni kafin wasa. Kansas City Chiefs ta zo da Patrick Mahomes, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa, amma ƙartinsa biyu na gefe da gefe, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, duk suna jinya. An rubuta, an karanta, an wuce. Aka ci gaba da cewa Chiefs ce a sama. Ranar wasa Mahomes ya kwana yana gudun ceton rai. Na'urorin da ke auna motsin 'yan wasa sun nuna ya yi gudun kusan yadi 500 yana kauce wa masu binsa. Chiefs ba ta taka gidan ƙarshe ko sau ɗaya ba. Tampa Bay Buccaneers ta ci 31 da 9, Brady, wanda ya riga ya koma ƙungiyar, yana ɗan shekara 43 ya ɗauki kofinsa na 7.

Sai 2025 a New Orleans. Duk maganar mako biyun nan a kan abu biyu ta tsaya. Shin Mahomes zai ɗauki Super Bowl uku a jere, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi? Shin Chiefs za ta iya tsayar da Saquon Barkley na Philadelphia Eagles, wanda ya yi gudun yadi 2,005 a kakar? To, an tsayar da Barkley, yadi 57 kawai ya samu. Duk wanda aka gaya wa haka kafin wasa zai rantse Chiefs ta ci. Amma mutum 4 na gaban Eagles sun kayar da Mahomes sau 6, kuma kocin tsaronsu Vic Fangio bai ƙara musu ko mutum ɗaya ya taya su farauta ba. Ma'anar wannan ita ce sauran 7 duk suna baya sun toshe hanyoyin jifa. Aka tafi hutun rabin lokaci 24 da nema, ta kai 34 da nema, aka tashi 40 da 22. A cikin waɗancan ƙarti na Eagles akwai Moro Ojomo, haifaffen Legas.

Me ya sa ake ta maimaita kuskure ɗaya? Ina ganin dalilin yana da sauƙi. Kyamara ƙwallo take bi, ido kuma kyamara yake bi. Mai jifa yana da alƙaluma birjik da za a kawo a allo, yadi kaza, maki kaza. Ƙaton da ya tare masa sau 40 ba tare da kuskure ba, babu lambar da ke gaban sunansa, ba a ma ambatonsa sai ranar da ya yi laifi. Sannan gidajen talabijin suna da awoyi masu yawa da za su cike a mako biyu, labarin tauraro da tauraro kuwa ya fi daɗin ji a kan bayanin yadda wani ke sa ƙafarsa ta hagu. Akwai kuma wani dalili da masu bin gasar Firimiya ta Ingila za su gane nan take. A can wasa 38 ake yi, wanda ya fi ƙarfi yana iya tuntuɓe yau ya gyara gobe. A nan dare ɗaya ne. Kuma mako biyu lokaci ne mai yawa ga kocin tsaro ya zauna da faifan bidiyo ya gano inda katangar abokin hamayya ta fi laushi.

Kada kuma in bar ku da tunanin na ba ku mabuɗin gaibu. A 2017, a Houston, Atlanta Falcons ta kayar da Brady sau 5, daidai da abin da Giants ta yi, har ta kai tana gaba da 28 da 3 a kashi na uku. Amma Patriots ta riƙe ƙwallo sama da minti 40 a wasan, masu farautar Atlanta suka yi ta kokawa ba hutu har ƙafafunsu suka mutu. Da gajiya ta kama su, Brady ya samu daƙiƙoƙinsa, aka rama, aka shiga ƙarin lokaci, Patriots ta ci 34 da 28. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ko a nan ɗin ma, ku lura, a layin gaba abin ya juya, sai dai tambayar ta koma wa zai jure har ƙarshe. Shi ya sa mai hasashe na ƙwarai ba ya tsayawa ga sunayen mutum 4 na farko, yakan duba ko ƙungiya tana da wasu a benci da za su canje su su sha iska.

Akwai hasashen da na nishaɗi ne zalla, kuma ban ga aibunsa ba. Gidajen namun daji sukan ajiye wa dabba kwano biyu na abinci, kowanne da tambarin ƙungiya, a ga wanda za ta fara ci. Kamfanin da ke yin wasan kwamfuta mai suna Madden yakan sa na'ura ta buga wasan tun kafin ranar, kuma a 2015 ta faɗi sakamakon daidai, 28 da 24, Patriots a kan Seahawks. Wasu shekarun kuma ta yi kure. Yara su yi murna, manya su yi musu, a watse.

Wanda ba na nishaɗi ba shi ne na caca, kuma a nan ina so matasanmu su buɗe kunne. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta taƙaita cacar wasanni a 2018, harkar ta bazu zuwa jihohi da yawa, ta shiga wayar hannu, har a 2024 aka kai Super Bowl ɗin kansa Las Vegas. Ana caca a kan komai: gefen da kwabo zai faɗi a ƙuri'ar farko, tsawon lokacin rera taken ƙasa, har launin abin shan da za a kwarara wa kocin da ya yi nasara. Waccan tazara da na ambata, ta maki 12, mutane suna ɗaukar ta kamar hukuncin masana. Alhali lamba ce da kamfani ya tsara domin kasuwancinsa. Yadda aka saba, sai ka zuba 110 kafin ka ci 100, ko wane ɓangare ka zaɓa. In mutum biyu suka zuba a ɓangarori biyu, kamfani ya karɓi 220, ya biya wanda ya ci 210, ya soke 10 a aljihu, ko wa ya ɗauki kofi. Irin wannan lissafi ne ke bayan manhajojin da ke cinye kuɗin samarinmu a kan wasannin Turai. Addini ya hana, wannan kowa ya sani. Ni abin da nake ƙarawa shi ne, in ƙwararrun da aikinsu ke nan dare da rana sun ba Patriots maki 12 aka kuma doke ta, to ɗan'uwana, kai da ke zaune da waya a bakin shago, da me ka fi su?

Ga wanda yake son ya gwada idonsa a bana ba tare da ya zuba ko sisi ba, abin yi kaɗan ne. Cikin makon wasa, ka nemi jerin masu rauni, ka duba ko ƙartin nan 5 na kowace ƙungiya lafiyarsu ƙalau, kuma ko sun daɗe suna wasa tare, domin aikinsu na fahimtar juna ne. Ka tambaya wace ƙungiya ce ke iya takura wa mai jifa da mutum 4 kawai. Ana take wasan ne da misalin ƙarfe 6 da rabi na yamma agogon gabashin Amurka, wato 12 da rabi na dare a Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, 11 da rabi a Ghana, kuma yakan ɗauki fiye da awa 3, don haka mai zuwa aiki ranar Litinin sai ya yi shiri. In an fara, ka daure ka ɗauke idonka daga ƙwallo na minti 10 na farko. Ka kalli layin da ƙartin suke haɗuwa, ka ƙirga a ranka daga lokacin da aka miƙa ƙwallo: ɗaya, biyu, uku. In mai jifa yana kai uku a tsaye, ƙungiyarsa tana cikin wasa. In tun a biyu ya fara ja da baya yana neman mafaka, to ka fara sauya hasashenka, ko da sunansa ya cika duniya.